Bazazzagi Ya Zo Kano Aron Ƙwaƙwalwa

Bawana Bazazzagi, ina gaishe ka gaisuwar da ubangida yake yi wa bawansa, wato daga kishingiɗe. Na yi maka alkawarin ba zan faɗa wa kowa abin da ya faru ba, kuma na cika. Ban faɗa ba, rubutawa na yi.

Wata Talata ce cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura maki 40 kuma ko ƙadangare ba ya yarda ya taka kwalta. Muna zaune a majalisa wayata ta yi ƙara. Ina ɗagawa na ji muryarka a sanyaye, kamar ta wanda aka kama da akuyar maƙwabta: "Motana ya ƙi tashi. An ce ƙwaƙwalwan ne ya mutu. Don Allah ka ara mini naka." Na ce ban ji ba, ka maimaita. Ba kurumta ta same ni ba, ƙara sautin wayar na yi don dattawan da ke wurin su zama shaida. Tun kaka da kakanni muke faɗa ana musu, sai ga shi Allah ya nuna mini ranar da mutumin Zazzau, garin da kuke kira birnin ilimi, ya buɗe baki da kansa ya ce tasu ta mutu, a taimaka masa da ta Kano. Wani tsoho a majalisar har ya nemi a rubuta kwanan watan. Shi ma "motana ya ƙi" ɗin na bar maka, don mutumin da ya kasa bambance mace da namiji a magana ba za a matsa masa ya bambance rile da birenbos ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mota iri ɗaya muke ja: Honda Accord ƙirar 1995, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa Buldog, mai injin lita 2.2 da giyar hannu, dukkansu 'yan Kwatano. Ni na fara saye. Bayan wata uku ya je ya kwaikwaya, har kala, kamar yadda suka saba.

To ita wannan ƙwaƙwalwa da kanikawa suke cewa birenbos, wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi girman littafi mai kauri ba, yana kwance a ƙarƙashin kafet daidai inda fasinjan gaba yake miƙe ƙafa. Shekara da shekaru uwargidanka tana taka shi da takalmi ba ka san yana wurin ba. Aikinsa lissafi ne kurum. Akwai 'yan rahoto da aka dasa masa a jikin inji, sansa-sansa: wannan ya gaya masa zafin ruwa, wancan ya gaya masa yadda ka taka totur, wani ƙarfin zuƙar iska, wani inda fistin yake, wani kuma yana can bakin salansa yana shinshina hayaƙi. Da wannan rahoton yake yanke tsawon lokacin da kowace nozul za ta buɗe ta fesa mai, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, yana ƙoƙarin riƙe awon iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya. Kai da kake kiransa sabon salon Turawa na hana talaka gyaran mota, ka sani tun 1967 kamfanin Bosch ya sa irin wannan tsari a wata Volkswagen. Ya girme ka. Matsalar ita ce kai a Fijo 504 ta Baba ka buɗe ido, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda in ta shaƙe sai a kwance kafireto a hura jet da baki a tofar da fetur a ci gaba da tafiya. Duk abin da ba a hurawa da baki, a wurinka sihiri ne.

Da na titsiye ka, ga labarin da ka bayar. Da asuba motar tana tashi bugu ɗaya. Da daddare haka. Amma in ka ajiye ta a rana ka shiga wani wuri na rabin sa'a, ka fito ka murɗa makulli, sitata za ta yi ta juyawa, inji ya ce bai san zancen ba. Sai bayan la'asar, in gari ya fara sanyi, ta tashi kamar ba ita ba. Wato ka mallaki motar da take tashi daga aiki da azahar ba tare da neman izini ba. A Kwangila ta yi maka haka, ta yi maka a Sabon Gari, ta kuma yi maka a ƙofar gidan surukanka, inda aka ce yara suka tura ka har suka gaji suka koma suna kallo.

Bakanikenka ya buɗe bonet, ya canja fulogi. Ya canja kwayil. Ya wanke nozul. Da dabara ta ƙare masa sai ya goge hannu da tsumma, ya kalli sama, ya furta kalmar nan da take rufe kowace muhawara a gareji: birenbos ne. Ban cika ganin laifinsa ba. Komai na jikin mota ana iya kwance shi a nuna wa mai ita inda ya ci, ban da wannan akwatin. Ba ya zubar da mai, ba ya ƙara, ba ya zafi a hannu, ba ya kare kansa. In bakanike ya ɗora masa laifi babu mai ƙaryata shi, kuma laifin rashin gano cutar ya tashi daga kansa ya koma kan Bature. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali a tsofaffin motocin nan, in aka bi diddigi, ƙwaƙwalwa tana cikin abubuwan da suka fi komai daɗewa ba su lalace ba. Abin da ke kewaye da ita ne yake ruɓewa: waya, soket, fis, rile, da wayar at da ta yi tsatsa.

Abin da ka ɓoye mini a waya, sai da ka iso ya fito fili, shi ne ka riga ka sayi wata. Ka shiga kasuwar kayan gyara ba tare da ka kwafi lambar taka ba, ka ce a ba ka "na Buldog". Aka miƙo maka, ka ga girma ɗaya, soket uku kamar taka, ka biya. Aka ɗaura da magariba, aka murɗa, mota ta tashi. An ce a daren har tsire ka saya wa yaran gareji, kana cewa ai ku Zagezagi ba a yi muku bayani sau biyu. Washegari da azahar, a ƙofar masallaci, ta sake zama daram.

Nan ne nake so ka nutsu, don a nan musanya take yaudarar waɗanda suka fi ka wayo, wato kowa. Cutar da take zuwa ta tafi ba a gwada maganinta a lokacin da ta tafi. Motarka da magariba ko dutse aka ɗaura mata a ƙarƙashin kafet... to, ban da dutse, amma ko tsohuwar ƙwaƙwalwar aka mayar da ta tashi, tunda dama lokacin tashinta ne. Ka sha magani ran da zazzaɓi yake hutu, ka yi ta yabon boka.

Bayan haka sabuwar ta zo da tata tsarabar: fitilar cek ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Da ka koma da ƙorafi, wani yaro mai hazaƙa ya kwance dashbod ya zare ƙwan fitilar. Shike nan, ta daina damunka. Wannan maganin na jinjina masa, irin na mai ciwon kai ne da aka ɗaure wa baki don kada a ji nishinsa.

Ranar zuwanka Kano, ka taso bayan sallar asuba, ka wuce Kwanar Ɗangora ba ka tsaya ba, ka wuce Kura ba ka tsaya ba, don ka san in ka kashe ta rana ta ɗaga, sai dai mu je mu ɗauko ka da igiya. Ka iso da tsohuwar ƙwaƙwalwar a leda baƙa kamar mai kai ƙosai gidan suna. Ka ce in kwance tawa a sa a taka a gani.

Na ƙi. Ka ce rowar Kanawa ce, wai ko gaisuwa sai mun lissafa riba. Ji dalili. Ƙwaƙwalwa ba umarni kawai take bayarwa da baki ba, ta cikinta wuta take bi zuwa nozul da bawul ɗin silo da sauran 'yan aike, kuma kowanne yana da ɗan taransista da yake buɗe masa hanya. In ɗaya daga cikinsu ya haɗe, ko wata waya ta goge ta taɓa jikin mota, taransistan nan ne zai ƙone. Da a ce abin da ya kashe taka ke nan, ina ɗaura tawa zai cinye ta kafin mu gama bismilla, mu zama mutum biyu a ƙasa, garin neman gira a rasa ido. Ba a kai lafiyayye ɗakin da ba a san abin da ya kwantar da na ciki ba. Hanyar da ta fi sauƙin haɗari ita ce a juya gwajin: a ɗauki wadda ake zargi a kai ta motar da aka tabbatar da lafiyarta, bayan an buɗe murfinta an duba babu ƙuna ko alamar ruwa.

Haka muka yi a wurin wani dattijo ɗan riwaya da nake kai wa aiki, mutumin da bai cika magana ba sai ya gama kallo. Ya cire kan batir tukuna, na baƙar waya. Ya ɗaga kafet ɗina, ya kwance farantin da ke rufe da akwatin, ya karanta lambar da ke jikin takardar gefe. Ta Honda tana farawa da 37820, sai haruffa uku na tsakiya da suke nuna irin injin, sai na ƙarshe da suke nuna kasuwar da aka yi wa motar da irin giyarta. Tawa P0B. Ta cikin ledarka P0B, har wutsiyar lambar ɗaya. Ya kwance sukurori, ya ɗaga murfin taka, ya kai hanci ya shinshina kamar mai sayen daddawa. Ya ce abin da yake nema warin ƙuna ne, ko wani ƙarni kamar na kifi, wanda kondensa take yi in ta tsufa ta fara zubar da ruwanta tana cin layukan allon. Ya karkata koren allon a rana yana neman baƙin tabo ko farin tsatsa. Babu. Ya ɗaura ta a motata, ya mayar da kan batir.

Bugu ɗaya ta tashi. Muka zaga da ita har Na'ibawa muka dawo, muka ajiye ta a tsakiyar rana da gilasai a rufe, muka ci gurasa da ka ce ba ta kai fate ba amma ka cinye kashi biyu, muka dawo muka murɗa, ta sake tashi. Dattijon ya dube ka ya ce, "Alhaji, ƙwaƙwalwarka lafiya lau." Na yi maza na ce, Baba, a yi bayani dalla-dalla, ta motar ake nufi, kada ya koma Zariya da takardar shaidar da ba tasa ba.

Sai aka koma kan gawar. Kafin komai ya sa yaronsa ya mayar da ƙwan fitilar da aka zare. Ya laluba ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja ya zaro wani ɗan soket shuɗi mai rami biyu wanda ba ya haɗe da komai, ya lanƙwasa guntuwar waya ya haɗa ramukan, ya kunna makulli bai buga ba. Fitilar ta fara ƙifta ido. Dogon ƙifci goma ne, gajere ɗaya. Muka ƙirga tare: dogo, dogo, gajere. Ashirin da ɗaya. Ka tambaya ko kuɗin gyaran ke nan. A harshen waɗannan motoci lamba 21 tana nufin ƙwaƙwalwa tana kiran bawul ɗin VTEC bai amsa ba. Ina zai amsa, injinka ba shi da shi? Da aka ɗaga kafet ɗinka sai ga P0A, ta babbar yayar motarka mai VTEC. Kwana tara baiwar Allah tana zaune a gidan da ba nata ba tana kiran yaron da ba a haifa ba, tana kunna fitila tana neman agaji, ku kuma kuka cire mata ƙwai.

Ka lura fa, motar nan tun 1995 take da bakin faɗar abin da ke damunta, da guntuwar waya kawai, ba kwamfuta ba komai. Lamba 6 sansan zafin ruwa, 7 na totur, 14 bawul ɗin silo, 1 mai shinshinar hayaƙi. In an gama gyara a zare fis ɗin ajiyar tunani da ke akwatin fis na cikin bonet na daƙiƙa goma, ta manta. Daga 1996 ne motocin Amurka suka koma soket mai rami 16 da ake soka wa na'ura. Daga Bebi-boy kuwa, ƙirar 1998, makulli ya zo da ɗan ƙwayar sirri a kansa, ƙwaƙwalwa ba ta yarda da baƙon makulli, don haka irin aron da ka zo yi ba ya yiwuwa sai an haɗa su an gabatar da juna. Ka gode wa Allah da talaucin da ya tsayar da mu a Buldog.

Aka mayar maka da taka ta asali. Fitila ta kama na daƙiƙa biyu ta mutu, yadda ya kamata. Aka buga, shiru. Ka kalle ni da murmushin mugunta, wai ga shi Kano ma ta kasa. Dattijon bai ce uffan ba. Ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, ya ce wa yaron ya kunna makulli kada ya buga. A lafiyayyar mota, da an kunna, famfon mai yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu a cikin tanki kafin ya tsaya. A taka tsit, kamar an yi wa Bazazzagi tambaya a kan lissafi. Ya zagayo ya durƙusa ta ɓangaren direba, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya ƙwanƙwasa wani abu da ƙotar sukundireba sau biyu. Yaron ya sake kunnawa. Daga bayan mota muka ji zuuu. Aka buga, ta tashi.

Abin da ya zaro bai fi kwalin ashana biyu ba. Babban rile ne, mai ba wa ƙwaƙwalwa da nozul wuta ta hannu ɗaya, ya ba wa famfo ta ɗaya hannun. Ya ɓalle murfinsa ya miƙo mana allon, ya ce mu duba gindin ƙafafun. Sai da na cire tabarau na kai shi dab da ido sannan na gani: kewaye da ƙafa uku, darmar ta tsage zobe-zobe, siriri kamar gashin jariri. Shekara talatin na zafi da sanyi da ramukan hanya, ko ƙashin mutum ne ya tsage. Da sanyi tsagar tana haɗe, wuta ta wuce. In rana ta gasa cikin mota ƙarfe ya buɗe, sai ta rabu, famfo ya rasa wuta, inji ya rasa mai. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da ɗan rahoto a wannan lungun, shi ya sa ko da ba ku cire mata ƙwai ba, ba ta da lambar da za ta ƙifta. Ya ɗora ƙarfen liƙi, ya narkar da tsohuwar darma ya zuba sabuwa, minti goma. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin tsiren da ka yi walima da shi ba. Kafin ya rufe bonet ya kwance wayoyin at da suke ɗaure a gidan tamostat ya kankare su da sanfefa, ya ce rabin birenbos ɗin da ake kawo masa a matsayin gawa, wannan ƙullin ne ya yi tsatsa.

A nan ne ya gano babu tamostat ɗin ma, an cire an jefar, wai ƙasarmu da zafi. Wannan ba ku kaɗai ba ne, har a Kano ana yi, na yarda, ko da yake ina zargin daga wajenku aka koyo. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, sansa zai yi ta gaya wa ƙwaƙwalwa da sauran sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara mai da gaskiyarta, fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi hayaƙi, a dawo a ce birenbos tana shan mai. An yi mata ƙarya ta yi aiki da ƙarya. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ƙaryar a aljihu ake jin ta. Shi ya sa da ka ce bakanikenka ya ba ka shawarar a tuge injekta gaba ɗaya a dasa kafireto, ban yi dariya ba. Ana yi, mota kuma tana tafiya, amma ka sayar da mai lissafi ne ka ɗauko mai awo da ido.

Ba na ce ƙwaƙwalwa ba ta mutuwa. Tana mutuwa, kuma yawanci kashe ta ake yi. Na ga wadda ruwan damina ya shiga ƙasan mota ya kwana a kanta. Na ga wadda aka juya wa kan batir garin ja da wata mota cikin duhu. Na ga wadda mai walda ya gasa yana liƙin salansa bai cire batir ba. Sai kuma gwajin nan da na ga kana shirin yi a gabana, na zare kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta tana caji. A 504 ta Baba an sha yi an kwana lafiya. A motar injekta, batir ne yake shanye tsallen wuta, in ka zare shi tsallen ya tafi kai tsaye cikin akwatin da ke ƙarƙashin kafet. Mita ake sawa, a ga wuta tsakanin 13.5 da 14.5, a rufe bonet. Da ban riƙe hannunka ba, da ka zo Kano da lafiyayyar ƙwaƙwalwa ka koma da matacciya, ka ce mu muka yi maka asiri.

Labari ya iso ni cewa P0A tana nan a kan talabijin ɗinka, an shimfiɗa mata ɗan kyalle, kuma mai kayan ya ce ba a dawo da kayan wuta. An ce duk baƙon da ya shigo sai ka yi masa tallanta, har limamin unguwa, wanda keke yake hawa. Kada ka karya farashi. Ka riƙe ta, ka zama Bazazzagi na farko a tarihi da yake da ƙwaƙwalwa biyu, ko da yake ɗayar ba ta dace da injin ba.

Watan Cika-ciki ya kusa, kuma kuɗin sharata na bara ma ba ka kawo ba. Bana ka haɗo da ladan gwaji, da kuɗin gurasa kashi biyu, da tamostat sabo a kwalinsa, dattijo ya ce zai ɗaura maka kyauta saboda ka ba shi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Kana iya tasowa da azahar yanzu, ka tsaya a Kura ka kashe ta ka yi salla. In ta ƙi tashi, kada ka kira ni a waya, 'yan majalisa sun ce in ka sake kira su ma a ba su su gaisa.